Lanƙwasar Yadi da Hisabin Na'ura

 

Abin da zan yi bayani a kansa, in Allah ya yarda, mas'ala ce wadda a zahiri take kamar ta teloli da masaƙa, amma a haƙiƙa ta zamo ɗaya daga cikin matsalolin da suka sha wa manyan injiniyoyin wannan zamani kai, wato yadda yadi yake lanƙwashewa ya kwanta a bisa abu mai ƙundu ko mai kwari, da yadda ake sa kwamfuta ta kwaikwayi wannan kwanciya ta hanyar hisabi, tun kafin a sa almakashi a yanki ko da taƙi ɗaya na yadin.

Da farko ya kamata mu san wane irin yadi ake nufi, domin ba na riga da wando ba ne. Maginan gargajiya na birnin Sakkwato sun daɗe da sanin cewa jar ƙasa ita kaɗai, komai kyawun kwaɓinta, in ta bushe tsagewa take yi, amma in aka tattake ta da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwanaki, sai ciyawar ta riƙe abin da ƙasar ba ta iya riƙewa, ita kuma ƙasar ta tsare ciyawar a inda aka sa ta. Wannan shi ne asalin abin da masana'antu ke yi yanzu, sai dai a maimakon ciyawa sun sami zaren gilashi da zaren kabon, a maimakon ƙasa kuma wani ƙaro na masana'anta da ake ce wa rezin. A saƙa zaren ya zama yadi, a shimfiɗa yadin a kan mazubi mai siffar abin da ake so, a ɗura masa ƙaron ya sha, a bar shi ya daskare, sai a sami jiki wanda ya kama hanyar ƙarfe wajen ƙarfi alhali bai kai shi nauyi ba. Jirgin sama ƙirar Boeing 787, wanda ya fara tashi a watan Disamba na 2009, kusan rabin nauyin jikinsa na irin wannan haɗi ne, haka nan fukafukan injinan iskan da aka kafa a Lambar Rimi ta ƙasar Katsina, da kwale-kwalen da 'yan kasuwa ke ce wa na faiba, duk danginsu ɗaya. Ƙarfin abin kuwa yana bin zare ne: inda zaren ya dosa nan ƙarfi ya dosa, inda ya karkace ƙarfi ya karkace, inda kuwa yadin ya tattare ya yi ƙudundune a cikin ƙaron, to, an binne aibi a wurin da ido ba ya gani, ran da nauyi ya hau, daga nan karaya za ta soma.

Me ya sa yadin zai tattare? A nan ne ilmin handasa ya shigo, kuma ina jin daɗin cewa ba baƙo ba ne a Sakkwato. Wani Bature mai suna Kilafatan, a zuwansa na biyu cikin 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littafin Uƙlidis da Larabci, ya kuma rubuta a labarin tafiyarsa cewa ya taɓa iske Sarkin zaune da littafin a gabansa, har ya shaida masa cewa gidansu na da irinsa tun da can, wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi. Shugaban da ke fama da sha'anin ribaɗi da shari'a da riƙon daula, ga shi yana nazarin layi da kusurwa da da'ira. A shekarar da ta biyo, 1827, wadda a cikinta Kilafatan ya rasu a nan, wani masanin hisabi na Jamus mai suna Gauss ya tabbatar da wata ƙa'ida wadda ma'anarta a taƙaice ita ce, shimfiɗaɗɗen abu da ba ya miƙewa ba ya ƙanƙancewa, kamar takarda, ana iya naɗa shi a jikin ginshiƙi, domin lanƙwasar ginshiƙi ta fuska ɗaya ce, amma ba shi yiwuwa har abada a kwantar da shi a bayan ƙwarya, mai lanƙwasa ta fuska biyu, face ya yage ko ya yamutse.

To, amma yadi yana kwanciya a bayan ƙwarya, kowa ya gani, alhali zarensa ba ya miƙewa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sirrin yana cikin saƙa. Kowannenku in ya koma gida ya ɗauki hankici, ya ja shi ta tsawon zaren da aka yi wadarinsa, zai ji ya ƙi. Ya ja shi ta bin zaren da ƙoshiya ta gitta, nan ma ya ƙi. Amma in ya kama kusurwa biyu masu fuskantar juna ya ja, sai ya ga ya biyo shi cikin sauƙi, ya yi tsawo ta nan ya tsuke ta can. Babu zaren da ya ƙaru. Abin da ya auku shi ne, zaren tsaye da na kwance, waɗanda masaƙi ya gitta su a kan kusurwar digiri 90, sun juya a bisa mahaɗarsu, ƙananan murabba'an da ke tsakaninsu suka karkace. Wannan karkacewa ita ce dukiyar yadi, da ita yake biyan bashin da Gauss ya ce ana bin duk shimfiɗaɗɗen abin da ya hau ƙundu, kuma iyakar ƙaruwar ƙundun, iyakar abin da za a biya. Sai dai dukiya ce mai ƙarewa, domin in kusurwar ta yi ta tsukewa, zaruruwan za su matsu da juna har su rasa wurin zuwa, daga nan yadin ya taurare, ya fara neman mafita ta sama.

Wanda ya fara sa wannan al'amari cikin hisabi shi ne Chebyshev, shehin malami daga Rasha, a wata lacca da ya yi a birnin Faris a 1878 a kan yankan tufafi, inda ya ɗauki yadi a matsayin raga wadda tsawon kowane gefe na idonta ba ya sākewa, kusurwa ce kaɗai take sākewa. A 1956 wasu masana biyu, Mack da Taylor, suka faɗaɗa wannan ra'ayi a mujallar Cibiyar Saƙa ta Manchester, kuma da kwamfuta ta samu, shi aka fara ɗora mata: a nuna mata siffar mazubi, a zaɓi wurin da yadi zai fara taɓawa, a ja mata layin zaren tsaye ɗaya da na kwance ɗaya, ita kuma ta bi ido bayan ido tana lissafa inda kowace mahaɗa za ta faɗa. Cikin ƙiftawar ido take gamawa, ta ba ka taswirar karkacewa, ta kuma ba ka siffar da za ka yanka a shimfiɗe. Har gobe ana amfani da wannan hanya, kuma ban raina ta ba. Amma handasa ce tsagwaronta, babu ƙarfi a cikinta, babu nauyi, babu gogayya. Ba ta san bambancin alharini da buhun gero ba, domin amsa ɗaya za ta ba ka a kan su biyun, ba ta kuma iya nuna maka tattara ko ɗaya, tun da ta riga ta ɗauka cewa kowace mahaɗa tana manne da mazubi.

Saboda wannan naƙasu aka koma ga hanya ta biyu, wadda injiniyoyi suka raya tun wajen 1960 don lissafin gadoji da jiragen sama, ita ce a gutsuttsura abu a cikin na'ura zuwa dubban ƙananan yankuna, a faɗa wa kowane yanki yadda yake amsa ja da matsi, sa'an nan a bar na'ura ta daidaita ƙarfin da ke tsakaninsu mataki bayan mataki yayin da mazubi ke shigowa. Ana iya duban yadin daga nesa a matsayin shimfiɗa guda, ana iya matsowa a zana kowane silin saƙa da hawansa da saukarsa, ana ma iya shiga cikin silin. Sai dai a tuna cewa sili ɗaya na kabon yakan ƙunshi zaruruwa 3,000 ko 6,000 ko 12,000, kowanne kaurinsa bai wuce kashi 7 cikin 1,000 na milimita ba, wato kusan ushirin kaurin gashin kai, saboda haka wanda ya ce zai lissafa fiffike sukutum zare bayan zare, na'urarsa za ta tsufa ba ta gama ba.

Yanzu na iso ga zuciyar maganata, wato lanƙwasa, kuma ina roƙon ku ƙara haƙuri a nan. Littattafan handasar gini suna da ƙa'ida tabbatacciya, cewa taurin faranti wajen lanƙwasa yana bin kaurinsa ne sau uku a ninke: in ka ninka kauri biyu, tauri ya ninka takwas. Da aka ɗora wannan ƙa'ida a kan yadi, sai na'ura ta riƙa fito da shi ƙiƙam kamar kwanon rufi, domin ta ɗauki ƙarfin zare wajen ja, wanda yake mai girma ƙwarai, ta gina taurin lanƙwasa a kansa. Ku da kuka saba da littattafan magabatanmu kun fi kowa kusa da gane kuskuren. Littafin hannu na ƙasar nan ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a jere, in ka ɗauki guda 100 ka tanƙwara su za su bi ka, domin kowace warƙa tana zamewa a bayan 'yar'uwarta, har ka ga bakinsu ya fito a jirkice. Amma in aka shafe su da ƙaro aka manne, kamar yadda ake yin kwalin tadarishi, kaurin bai ƙaru ba, takardar ba ta sake ba, sai dai taurin, bisa hisabi, ya ninka sau 10,000. Busasshen yadi, kafin ya sha rezin, warƙoƙin nan ne da ba a manne ba: zaruruwansa suna zamewa, shi ya sa yake da ƙarfin igiya wajen ja, da laushin ganye wajen lanƙwasa, kuma babu wata ƙa'ida ta faranti da za ta fitar maka da ɗayan daga ɗayan.

Da masu lissafi suka ga haka, sai da yawansu suka faɗa ɗaya gefen, suka ce tun da taurin lanƙwasar yadi ƙanƙane ne, a ɗauke shi babu. Aka yi shekaru a kan wannan, kuma sakamakon ya yi kama da gaskiya matuƙar yadin yana kwance lafiya. Amma da zarar ya fara tattarewa, sai na'ura ta zana tattara barkatai, ƙanana, masu yawa, waɗanda girmansu yake bin girman yankunan da mai lissafi ya gutsuttsura, ba ya bin halin yadi. Philippe Boisse da abokan aikinsa na birnin Liyon a Faransa, a wani bincike da suka wallafa a 2011, sun nuna a fili cewa wannan ɗan tauri da aka raina shi ne mai hukunta yawan tattara da girmanta, in ya ƙaru tattarar ta zama manya kaɗan, in ya ragu ta zama ƙanana da yawa. Sun kuma nuna cewa tsukewar kusurwa ba ita kaɗai ke kawo tattara ba, domin in aka danne gefen yadin aka ja shi yayin da mazubi ke shiga, yana iya wuce kusurwar da ake tsoro bai tattare ba. Mafita ita ce a raba lissafin gida uku, ja da karkacewa da lanƙwasa, kowanne a ba shi adadinsa, kowane adadi kuma a samo shi daga awon yadin kansa.

Awon lanƙwasa kuwa, abin mamaki, bai fi ƙarfin kowace makaranta a garin nan ba. F. T. Peirce, na Cibiyar Shirley da ke Manchester, shi ya tsara shi a 1930, a ƙoƙarinsa na mayar da abin da ɗan kasuwa ke ji a yatsunsa in ya murza yadi zuwa adadin da za a rubuta. A yanko zirin yadi mai faɗin santimita 2.5, a kwantar da shi a kan tebur mai santsi, a riƙa tura shi sannu a hankali yana wuce bakin tebur, yana sunkuyawa da nauyin kansa, har bakinsa ya taɓa wani gangare da aka kafa a kan digiri 41.5. Rabin tsawon da ya leƙo shi ake kira tsawon lanƙwasa. A ninka shi cikin kansa sau uku, a buga da nauyin yadin, an sami taurinsa. Katako ne da ma'auni da sikeli. Gaskiya ne cewa wannan awo yana ba da adadi ɗaya tak, alhali yadi mai kauri yakan yi gardama a farkon lanƙwasa sa'an nan ya saki da zarar zaruruwa sun fara zamewa, in aka sake shi kuma ba ya komawa daidai inda ya fito, saboda gogayya. Don haka ne Kawabata na Jami'ar Kiyoto a Japan ya ƙera na'urori masu tsada a shekarun 1970 da ke bin lanƙwasar tun daga farkonta har ƙarshenta. Amma masu bincike na yanzu sukan ɗauki hoton zirin yana rataye, su ciro dukan siffar sunkuyawarsa daga hoton, kuma wayar da ke aljihun kowannenku tana iya ɗaukar wannan hoto.

Ina da wani tsoro game da ɗalibanmu, kuma gara in faɗe shi a gaban malamansu. Kwamfuta tana fito da sakamakonta cikin launuka masu ƙayatarwa, ja da shuɗi da kore, har mai kallo ya ji kunyar tambaya. Na kuwa sha ganin kundin ɗalibi cike da irin waɗannan hotuna, in ka tambaye shi inda ya samo adadin da ya ɗura wa na'urar, sai ya ce daga wata maƙala, ita ma maƙalar daga wata, a kan wani yadi da babu wanda ya taɓa riƙe shi a cikinsu. Mu da muka tashi a garin da ba a karɓar matani sai an binciki isnadinsa, bai kamace mu mu karɓi hukuncin na'ura ba tare da mun bi salsalar adadinta har zuwa hannun da ya auna ba. Kada kuma a zaci awon kansa ba ya ruɗi. A 2008 an wallafa sakamakon wani gwaji da ɗakunan bincike na ƙasashe da dama suka yi tarayya a kansa, inda aka raba musu yadudduka iri ɗaya kowa ya auna karkacewarsu, aka sami saɓani mai yawa a tsakaninsu, wanda wani sashinsa ya taso daga bambancin girman samfuri, wani kuma daga yadda kowa ya ɗaure yadin a jikin firam, domin ɗan ƙarin ɗaurewa kaɗan yana sa yadi ya bayyana da taurin da ba nasa ba. In haka ta faru ga ƙwararru masu kayan aiki, to, wanda ya kwafo adadi daga intanet ya san matsayin ruwayarsa.

Wani zai ce, mu da ba mu ƙera jirgin sama, ina ruwanmu? Ƙasar nan ta taɓa tufatar da sassa da dama na Afirka ta Yamma. A ƙarni na 19 sawaye da turkuɗi da saƙi na daular Usmaniyya sun kai Tumbuktu da Agadas da Gwanja, kuma Sarkin Musulmi Bello ya kwaɗaitar da zaunar da masu sana'a a garuruwan da ya kafa. A zamaninmu mun ga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, mun ga ta Gusau, mun kuma ga yadda aka rufe ƙofofinsu, abin da har yau yake yi mini ciwo in na bi ta gabansu. Ba na tsammanin za mu dawo da wancan ciniki ta hanyar gasa da atamfar da ake shigo da ita da araha. Amma akwai yadin da ba a sawa a jiki, kuma duniya ta fara juyowa ga zaren tsiro don irin wannan haɗi: ramar nan da muke kwaɗo da ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, kamfanin Toyota ya daɗe yana sa zarenta a bangon ƙofofin motoci, ƙasar Malesiya kuma ta mayar da nomanta sha'anin hukuma. Muna da bukatar tankunan ruwa, da kwale-kwale marasa ruɓewa a gulbin Rima da tafkin Goronyo, inda ake asarar rayuka kusan kowace damina, da ƙananan fukafukan injin iska, waɗanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fi kowa cancantar ta jagoranci ƙera su.

Ga kuma abin da babu mai yi mana shi. Ƙa'idar awon yadi ta duniya ta ɗora gwaji a kan zafin digiri 20 da laimar iska kashi 65 cikin 100, yanayin da Sakkwato ba ta cika ganinsa ba. Mu a bazara zafi yana haura 40, a hunturu kuma iska tana bushewa har leɓe ya tsage. Zaren gilashi bai damu da wannan ba sosai, amma zaren rama da na auduga suna shan laima suna amayar da ita, laushinsu da gogayyarsu suna sākewa da ita, ta yadda zirin da ka auna a watan Janairu ba lalle ya sunkuya daidai da yadda zai yi a watan Agusta ba. Babu wani kundi a Liyon ko Manchester da ya ƙunshi taurin yadin ramar da masaƙin ƙasar Sakkwato ya saƙa, a iskar hunturunmu. Shirin TexGen na Jami'ar Nottingham, mai zana siffar saƙa a kwamfuta, kyauta ake sauke shi. Sashen nazarin saƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana nan, ana iya neman taimakonsa wajen awon da ya fi ƙarfinmu.

Saboda haka shawarata ga shugabannin sassan injiniya, na jami'a da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ita ce a ware wa ɗalibai biyu ko uku wannan aiki a shekara mai zuwa. A nemi dattijon masaƙi, a biya shi haƙƙinsa cikakke, a kuma rubuta sunansa a kundin, ya saƙa zirin rama iri uku, mai tattauran bugu da matsakaici da sako-sako. A auna lanƙwasar kowanne da karkacewarsa sau ɗaya a hunturu, sau ɗaya a bazara, sau ɗaya a damina, ana rubuta zafi da laimar ranar. Sa'an nan a kifa ƙwarya mai santsi, a zana layuka a jikin yadin, a kwantar da shi a bayanta, a ɗauki hotonsa ta sama da ta gefe, a ƙidaya tattarar da ta fito a auna kusurwoyinta, kana a ba na'ura adadin a ga ko za ta fito da tattara iri ɗaya a wuri ɗaya. In ta saɓa, a rubuta saɓanin yadda yake, kada a taɓa adadin awo don a faranta mata.